Yanken Malam Dogara Zuwa Rano

A majalisar da ke ƙofar shagon Malam Nasidi mai ɗinkin hula a Kwarbai, cikin birnin Zariya, babu wanda bai san cewa Malam Dogara ne ya auna tafkin Tiga ba. Ba gani aka yi ba, ji aka yi, kuma daga bakin mai abin. Shekara hamsin yana faɗa. In aka kawo zancen kifi sai ya ce daga ruwansa ne. In aka ce tumatirin rani ya yi araha sai ya gyara hula ya ce Allah dai ya sa an gode. Yakan ce a alif ɗari tara da saba'in da biyu ya hau wani dutse, ya miƙa hannu ya ce wa Turawa ruwa ya tsaya daga nan, ruwa kuwa bai ƙara taku ɗaya ba. Mu mutanen birni kuma kun san halinmu, ba ma ƙaryata dattijo a gaban idonsa, sai mu ce ikon Allah, mu jira ya tashi tukuna.

Ana nan sai Umair, ɗan marigayi yayansa, wanda ke koyar da lissafi a wata sakandare a Tudun Jukun, ya ga matar aure. Sunanta Safiyatu, nas ce, 'yar Rano. Baffanta Alhaji Isma'ila, tsohon hedimasta, ya aiko cewa magabata su zo ranar Asabar kafin La'asar. Ya kuma aiko da ƙarin bayani: akwai wasu maneman da iyayensu suka zo har sau biyu yana ba su haƙuri, saboda yarinya ta ce ɗan Zariya take so. In La'asar ta yi bai ga Zazzagawa a kan tabarmarsa ba, zai ɗauka wasa ne, ya ba masu yi da gaske. Dogara shi ne namiji babba da ya rage a gidan, don haka tafiya ta faɗa kansa.

Ranar Juma'a da yamma ya je Ƙofar Jatau wurin Hajiya Batulu, mahaifiyar Umair. Tsakaninsu akwai wasan matar wa da ƙanin miji, sai dai wasan Hajiya Batulu yana da ƙaya. Ta ajiye masa ƙwarya biyu ta goro, fari da ja, an naɗe da ganyen fita an yayyafa ruwa, da ƙunshin alawa.

"Injiniya, kwalta za ka bi. Kwalta ta ɗauke ka a Ƙofar Doka, kwalta ta sauke ka a Rano. Awa biyu ne."

"Awa biyu ga jahilin hanya, Hajiya," in ji Dogara. Ya zaro wata takarda daga aljihun 'yar ciki, ta yi ja don tsufa, ya shimfiɗa a kan tabarma. "Taswirar aikinmu ce. Kin ga wannan zanen? Yanke ne. Daga Kwanar Ɗangora a saki kwalta, a ratsa Marke, sai ga ganuwar Rano. Awa ɗaya. Sauran lokacin in gaisa da mutanena na bakin ruwa, sun daɗe ba su gan ni ba."

"Hanyar lafiya a bi ta da shekara."

"Da shekara muka yi muna bin ta, da yanzu kina cin tuwo ba kifi."

Umair da ke tsugune a gefe ya ce, "Baffa, bari in saita wa Malam Nasidi taswirar waya, ko don ko-ta-kwana." Dogara ya dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya kawo wa maƙeri aron wuta.

Da hantsi suka fita a tsohuwar Fijonsa, shi da Malam Nasidi a matsayin dattijo na biyu. Dogara ya sha shadda fara mai aska tara, ya kafa hula, ya fesa turare har Nasidi ya sauke gilashi. Goro na kujerar baya. Har Kwanar Ɗangora lafiya lau. Yana karya kan mota dama, sai muryar mace ta fito daga aljihun Nasidi tana cewa a juya.

"Wace ce wannan?"

"Taswirar Umair ce. Ta ce mun saki hanya."

"Tambaye ta an haife ta lokacin da na auna ƙasar nan?"

"Ta ce a juya in an sami dama."

"Mace ɗaya ta faɗa mini jiya ban ji ba, sai ta cikin aljihu? Kashe ta."

Nasidi ya rage mata murya, bai kashe ba. Shi mutum ne mai haƙurin allura, kuma shekara hamsin ke nan yana jiran ya ga tafkin nan da mai shi a wuri ɗaya.

Garin farko da suka tarar bayan sun saki kwalta na masunta ne. Hayaƙin banda ya rufe ko'ina, an shanya koma a kan dangogi, ga ruwa can ya yi shimfiɗa har inda ido ya gaji. Dogara ya tsaya a gindin wata ɗorawa inda dattawa ke zaune, ya fito yana baza riga, ya yi sallama irin ta wanda ya dawo gida.

"Kun gane ni kuwa?"

Wani tsoho ya kare ido da hannu ya dube shi. "Kamar mai allurar shanu."

Dogara ya koma mota ya kwance ganyen fita, ya cika hannu biyu da goro ya zube a gabansu. Ya ce su ƙara dubawa, saba'in da biyu, aikin awon ruwa. Tsohon ya ɓare goro ya kai baki, nan take idonsa ya washe.

"Af, Injiniya ne. Ka yi ƙiba shi ya sa."

Kafin a ce haka, duk wanda ke da haƙori a garin ya tuna da Injiniya. Wani da bai kai arba'in ba ma ya rantse shi ya riƙe masa doki. Dogara bai taɓa hawa doki ba a rayuwarsa, amma ya ba shi goro biyar.

A mota Nasidi ya ce, "Malam, goron nan na neman aure ne."

"Ƙwarya biyu ce. Hedimasta ɗaya goro nawa zai ci?"

Haka aka yi a gari na biyu, inda aka fara ɗaukarsa mai kamfen, sai da goro ya fito aka gane shi. Rana ta take tsaka lokacin da suka shiga gari na uku, Sabuwar Marke. Nan gidajen a jere suke layi-layi, kamar an zana da zare. Mai unguwa na zaune a ƙofar masallaci, siriri, gemu fari fat. Dogara ya zube goro ya kwararo labarinsa tun daga hawa dutse har miƙa hannu. Wannan karon babu wanda ya ce af. Dattawan suka dubi juna, suka dubi mai unguwa.

"Ka ce kai ka nuna inda ruwa zai kwanta?"

"Da wannan hannun."

"Sunan fa?"

"Dogara. Injiniya Dogara, daga birnin Zazzau."

"Ina aka nufa?"

"Rano, gidan Alhaji Isma'ila tsohon hedimasta. Neman aure za mu. Hanyar Marke ta da, wadda ke ɓullewa Rano, tana nan ko?"

Mai unguwa ya shafa gemu. "Tana nan inda ka bar ta, Injiniya. Babu wanda ya taɓa ta. Ka miƙe kawai."

Suna tashi Nasidi ya waiga, ya ga mai unguwa ya ciro waya yana lalubar lamba. Ya ce wa Dogara shi fa kallon mutanen nan bai kwanta masa ba. Dogara ya ce kwarjini ne, ba kowa ke iya ɗaukarsa ba.

Hanya ta miƙe kamar yadda aka faɗa. Ta bi ta gonakin dawa, ta gangara, ta ƙara gangarawa, sannan ta shige cikin tafki ba sallama. Dogara ya taka burki. Burkin Fijo kuwa sai an taka sau uku yake jin kira, a na ukun ƙafafun gaba sun riga sun nutse a taɓo. Wasu mata masu wanki suka dakata da bugu suka zuba ido.

Nasidi ya dubi ruwa, ya dubi taswira. "Malam, takardar nan kafin a tare ruwa aka zana ta ko bayan an tare?"

Dogara ya naɗe taswirar. Sannan ya ce, "Ruwan ne ya wuce inda na ce ya tsaya. Rashin kulawar na baya ne. Amma nan ba shi da zurfi, na san wurin, iyakarsa gwiwa. Fijo za ta haye."

Ya naɗe wando, ya tattare riga a kafaɗa, ya karyo karan dawa don awo. Taku na farko idon sawu. Na biyu ƙwauri. Ya juyo zai ce wa Nasidi ka gani, ya yi na uku, sai aka nemi Injiniya aka rasa. Shaddar ce kawai ta kumbura a kan ruwa, hula na yawo gefe. Wata mai wanki ta miƙa masa muciyar da take wankewa, da ita aka jawo shi gaɓa yana tari yana cewa an canza wa ƙasan wurin tsari.

"Baba, rafin da ne nan," in ji matar. "Ko jaki ba ya shiga."

Waya ta yi ƙara a aljihun Nasidi, Hajiya Batulu ce. Dogara ya yi masa nuni da hannu, Nasidi ya ce mata suna dab da Rano, Injiniya na ɗan duba aikinsa ne. Bai yi ƙarya duka ba, don ta kan ruwa Rano ba ta da nisa.

Komawa kwalta ba zai yiwu ba, mota ta kafe, kuma babu wata a kusa. Sai ga wani mai kwalekwale zai tafi duba komarsa. Ya ce shi iyakarsa wancan tsibirin, ya nuna wani dutse da ke tsaye a tsakiyar ruwa da bishiya ɗaya a kansa. Daga can, in ji shi, akan sami masu haye wa zuwa gaɓar Rurum, daga Rurum kuwa Rano ba nisa.

Dogara na ganin dutsen ya manta da jiƙewa. "Nasidi, ga shi nan. A kansa na tsaya."

"Ikon Allah," in ji Nasidi, ya rungumi sauran goro ya shiga jirgi da bismillah.

A cikin kwalekwale Dogara ya ga ya kamata ya koya wa mai tuƙi yadda ake karkatar da filafili. Ya miƙe tsaye don ya nuna, jirgi ya yi gefe, takalminsa ɗaya da ƙunshin alawa suka bi ruwa. Mai jirgin ya ce masa, cikin ladabi, in ya sake tashi zai ajiye shi a inda ya tashin. Dogara ya zauna har tsibiri bai ƙara cewa uffan ba, abin da Nasidi ya ce bai taɓa gani ba tun da suka san juna.

Tsibirin bai fi filin Idi ba. Bukkoki uku ne, da awaki, da wata dattijuwa mai suna Maimuna tana juya kifi a kan wayar banda. Mai kwalekwale ya sauke su ya wuce. Dogara ya tambayi ina tashar jiragen Rurum. Maimuna ta dube shi daga hula har ƙafar da ba takalmi.

"Tasha? Ɗana ne ke zuwa ɗaukar banda. In ya sayar da na jiya da wuri, ya zo bayan Azahar. In bai sayar ba sai gobe."

Nan cikin Dogara ya ɗuri ruwa karo na biyu. Sai yanzu fuskar Umair ta faɗo masa, yadda yaron ya rako su har bakin mota yana cewa Allah ya kiyaye hanya, Baffa. Maraya ne, shi ya yi masa huɗuba, shi ya kai shi makarantar allo. Tsoro ya kama shi sosai. Amma tsoron Dogara bai taɓa hana bakinsa aiki ba, sai ya ce zai hau dutse ya kira wani babba a ma'aikatar ruwa a turo jirgi mai inji.

Suka yi Azahar, ya karɓi wayar Nasidi ya hau, don a ƙasa babu sabis. Ya ajiye goro a gindin bishiyar marke da ke saman dutsen, ya ɗaga waya sama yana juyi. Babban da zai kira dai babu shi, bai ma da lambar kowa a can. Sabis na shigowa kiran Hajiya Batulu ya shigo.

"Injiniya, mutanen Rano sun bugo wa Umair. Sun ce an ga motarka tana shan ruwa."

"Sharrin mahassada ne, Hajiya. Muna kan hanya."

"Kukan akuya nake ji."

"Kasuwa muka ratsa."

Akuyar kuwa ta gaske ce, kuma ba kuka kawai take yi ba. Ta sami ganyen fita mai laima ta ja, ƙunshi ya kwance, goro ya bi gangaren dutse yana tsalle ɗaya bayan ɗaya yana faɗawa tafki. Dogara ya bi su da ƙafa ɗaya a takalmi, ya zame, ya ƙarasa gangaren a zaune. Nasidi da ke ƙasa ya tare abin da ya iya da hularsa. Da aka duba, goro bakwai ne suka tsira, ɗaya ma akuya ta ɗanɗana.

"Ƙwarya biyu," in ji Nasidi. "Hedimasta ɗaya goro nawa zai ci?"

Allah ya taimaka ɗan Maimuna ya sayar da wuri. Ya ce jirgi cike yake, sai dai kowa ya ɗora kwando a cinya. Maimuna da ta ji abin da ya kawo su ta yi salati, ta ƙulle musu manyan tarwaɗa shida a takardar siminti, ta ce ba a shiga gidan surukai hannu rabbana. A gaɓar Rurum motar da ta rage a-kori-kura ce ta 'yan kifi, gaba ya cika, sai baya. Haka magabatan Umair suka nufi Rano a tsakiyar kwanduna, ƙudaje na yi musu rakiya. Da suka hango duwatsun garin da ragowar ganuwa, Dogara ya soma yi wa 'yan kifi bayanin cewa Rano na cikin Hausa Bakwai. Suka ce sun sani, a nan aka haife su.

Ladan na ɗaga murya motar ta tsaya a ƙofar gidan Alhaji Isma'ila. Dogara ya zaci zai tarar da dattawa biyar ko shida. Abin da ya gani ya fi taron suna. An shimfiɗa tabarmi har bakin titi, tsofaffi sun cika su, mata na leƙe ta zaure da kan katanga. Ya diro da shadda mai launin taɓo, takalmi ɗaya, ƙunshin kifi a hammata. Ya raɗa wa Nasidi, "Ka gani? Labarina ya riga ni."

Alhaji Isma'ila gajere ne mai tabarau, da agogo a hannu. Ya duba agogon, ya saurari ladan. "Bai kai ƙarshe ba, don haka kun shigo cikin lokaci. A yi salla tukuna."

Bayan an idar aka zauna. Nasidi ya ajiye goro bakwai a faranti, ya juya cizon akuya ƙasa, ya ɗora tarwaɗa a gefe. Hedimasta ya dubi farantin, ya ɗago ya dubi baƙin.

"Wanne ne Injiniya a cikinku?"

Dogara ya gyara zama. "Ga shi a gabanka, Alhaji."

"Mai unguwar Sabuwar Marke ƙanin mahaifiyata ne, shi ya bugo mini. Ya ce ka ce da hannunka ka nuna inda ruwa zai kwanta."

"Haka aka yi."

"To madalla. Duk waɗanda ka gani a nan mutanen Tsohuwar Marke ne da 'ya'yansu. A can aka haife ni. Gidanmu, da masallacinmu, da kabarin kakana, da ɗorawa goma sha ɗaya na mahaifina, duk suna ƙarƙashin ruwanka. Ina ɗan shekara goma sha biyu aka ɗora mu a tifa. Mahaifiyata har ta rasu in ta yi mafarki a can take ganin kanta. Shekara hamsin muna so mu ga hannun da ya yi nunin nan, yau Allah ya kawo shi har gida, yana neman 'yarmu."

Wata tsohuwa daga zaure ta ce a tambaye shi turminta, sabo ne ta baro. Wani ya ce shi rijiyarsa yake so a biya shi da wata. Dogara ya dubi hannunsa na dama, ya tura shi ƙarƙashin riga.

"Wato, Alhaji, aikin na mutane da yawa ne."

"A'a, Malam, ban da tawali'u," in ji Nasidi da murya mai daɗi. "Kai kaɗai ne a kan dutsen. Turawa ma cewa suka yi a bar garin, ka ce ina, ilimi ya nuna sai an bi ta kansa. Ranar Talatar nan ma ka faɗa a shagona."

Dogara ya yi masa kallon da ya kamata ya ƙone shi, Nasidi ya ci gaba da gyaran zaman hularsa.

Hedimasta ya cire tabarau. "Ka ji matsalata, Injiniya. Yaronku ba shi da laifi, an yabe shi. Amma da wane baki zan gaya wa mutanen nan na ba da Safiyatu gidan wanda ya nutsar da garinsu? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ku ɗauki kifinku."

Dogara ya duba hagu ya duba dama, babu mafita. A gefe ɗaya shekara hamsin na girma a Kwarbai, a ɗaya gefen yaron da ya ce masa Allah ya kiyaye hanya. Sai ya yi magana can ƙasa.

"Lema na riƙe."

"Ɗaga murya, akwai tsofaffi."

"Lema na riƙe, Alhaji. Ina ɗan shekara goma sha shida. Ba ma Bature nake yi wa inuwa ba, na'urar awo nake karewa kada rana ta taɓa ta. Sati uku na yi. A na ukun barci ya ɗauke ni, iska ta tafi da lemar, aka sallame ni."

"Dutsen fa?"

"Na hau. Neman lemar na je."

"Taswirar fa?" in ji Nasidi.

"Kukun sansanin ne ya ƙunsa mini ƙosai a ciki ranar da zan tafi. Ga tabon man nan har yanzu. Wallahi ko kwatami ban taɓa aunawa ba. Aikina a ofis buga hatimi ne har na yi ritaya. Kada ku hana yaron nan mata saboda bakina."

Sai kafaɗun hedimasta suka soma rawa. Tsohuwar zaure ce ta fara fashewa, daga nan tabarmi suka ɗauka har bakin titi, har 'yan kifin da ba su tafi ba. Alhaji Isma'ila ya share hawaye da gefen rawani.

"Mun sani, Malam Dogara. Tun da aka ce mana Injiniya ya tura mota cikin tafkinsa muka san ko waye. So nake in ji ko baffan yaron zai iya sauke girmansa saboda shi." Ya mayar da tabarau, sannan ya tambaya a hankali, "Marken nan na kan dutse yana nan?"

"Yana nan, Alhaji. A gindinsa akuya ta kwance mini goro."

"Bayan gidanmu ne. A inuwarsa na yi haddar Izu biyar." Ya dubi taɓon da ya bushe a jikin shaddar, ya daɗe yana kallo. "Ka kai mana ziyara gida, ka zo mana da ƙasarsa a riga. Wannan ya fi goro. Mun ba Umair Safiyatu. A yi fatiha."

Aka shafa. Dogara na jin sanyi na sauka a ƙirjinsa, sai murya ta fito daga aljihun Nasidi, kuma ba ta taswira ba ce.

"Amin. Malam Nasidi, ka ce wa Mai Lema na gode."

Tun zamansu Nasidi ya kira Hajiya Batulu ya bar wayar a buɗe, wai don ta ji fatiha da kunnenta.

Kafin su iso Zariya washegari labari ya gama Kwarbai da Ƙofar Jatau, ya haura Tudun Jukun. Fijo sai da aka haɗa shanun noma huɗu aka fisgo ta, masunta kuma suka sa wa wurin suna Mashayar Injiniya. Kwana uku Dogara bai fito majalisa ba. A na huɗu ya fito, don zaman gida ya fi dariyar mutane ciwo. Ya tarar an ajiye masa wurinsa, da sabuwar lema baƙa a kai, saƙon Hajiya Batulu. Babu wanda ya ce komai. Mutanen birni ne, jira suke ya tashi.

Bai tashi ba. Ya zauna ya ɗora lemar a cinya, aka shiga hirar tsadar taki. Can hadarin ƙarshen damina ya haɗo, yayyafi ya soma sauka a kan hulunan da Nasidi ya shanya, kowa ya kama neman inda zai raɓe. Malam Dogara ya miƙe, ya buɗe lemar a kan hulunan, ya daidaita ta da kyau.

"Ku bar mini wannan," in ji shi. "Shi ne aikin da na karanta. Ku dai kula kada in yi barci."